Ƙanwata na koyon koyarwa a Ingila, tana so ta turo min yaranta Kano: ku ba ni shawara

Maman_Walida:
Assalamu alaikum 'yan uwa malamai. Shawara nake nema, kuma don Allah a faɗa min gaskiya ko da ba za ta yi min daɗi ba. Ƙanwata da muke ciki ɗaya tana Birmingham, mijinta na digiri na uku a can. Tun watan Satumba ta shiga kwas ɗin koyarwa na shekara ɗaya da ake kira PGCE, yanzu haka an tura ta wata firamare tana gwajin koyarwa. Yaransu biyu, namiji ɗan shekara 6 da mace da ta cika 3 a wannan watan na Nuwamba. Shekaranjiya ta kira ni da tsakar dare tana kuka, wai ta gaji. Kafin gari ya waye ta fita, sai duhu ya yi take dawowa, ta ɗora tukunya, ta yi wa yara wanka, sannan ta zauna shirin darasin gobe. Ta ce ko zan karɓi yaran su zauna a wurina a Ɗorayi har ta gama a watan Yuni. Ɗaki akwai, maigidana ma ya ce ba damuwa. Amma zuciyata ta rabu biyu, musamman kan ƙaramar. Wa ya taɓa ganin irin wannan?

Uwargida_Hotoro:
Wa alaikumussalam. Karɓe su kawai, Anti. Watanni bakwai ne fa, kamar gobe ne. Mu nan wa aka bari ya girma a gaban uwarsa kaɗai?

TsohonHedimasta:
Ni abin da ban gane ba shi ne, me ke cikin gwajin koyarwa da har zai sa mace ta rabu da 'ya'yanta? Mu da muka yi Grade II, shaidar malanta ta da, ƙauye aka tura mu, babu lantarki, da fitilar ƙwai muke rubuta shirin darasi. Na yi shugabancin makaranta shekaru masu yawa, na ga ɗalibai mata daga kwalejojin ilimi suna zuwa TP, wato gwajin koyarwa, da goyo a baya, su kwantar da jariri a ofis su shiga aji. An ce ajin Turawa yara 30 ne. Talatin fa! A gaya wa yarinyar nan ta daure.

Ɗan_Kurna:
Baba ranka ya daɗe, ka tuna min da nawa TP ɗin. Wata firamare aka tura ni a nan cikin gari, ranar farko malamin ajin ya miƙo min alli da rajista, ya ce Allah ya ba da sa'a. Ban sake ganinsa ba sai ranar da zan tafi. Yara sun haura ɗari, rabinsu a ƙasa, kafin in gama kiran suna an kusa tashi tara. Mai duba mu daga kwaleji sau ɗaya ya leƙo, ya tsaya a bakin taga, ya sa hannu a littafina ya hau mashin ɗinsa. Wallahi da za a ba ni yara 30 da na ɗauka hutu aka ba ni.

Ummu_Hanan:
@TsohonHedimasta Baba, da girmanka, amma abin ba haka yake ba. Na zauna a Manchester lokacin da maigidana ke karatu, na yi aikin taimaka wa malamar aji a wata firamare kafin mu dawo Kano. Gaskiya ne doka ta ƙayyade yara 30 a azuzuwan ƙanana masu shekara 5 zuwa 7. Sai dai waɗannan 30 ɗin, kowanne sai kin san inda ya tsaya. Darasi ɗaya za ki shirya shi kala uku: na masu saurin ganewa, na tsaka-tsaki, da na waɗanda ke buƙatar a riƙe musu hannu. Akwai masu larura ta musamman a cikin ajin, akwai wanda jiya ya sauka daga wata ƙasa bai iya Turanci ba. Duk littafin da yaro ya rubuta sai an duba. Mai koyon koyarwa kuma sai ta yi aƙalla kwana 120 a cikin makaranta, a makarantu biyu daban-daban, ga aikin jami'a yana jiran ta.

Kuma waccan mai goyon da Baba ya ambata, idan ta tashi ta koma gida akwai kaka, akwai ƙanne, akwai maƙwabta, ko almajirin da zai ɗebo ruwa. A can daga ke sai mijinki sai bango. Jariri kuwa ba ma a fara maganar shiga da shi makaranta.

Ɗan_Kurna:
To ashe mu da babu mai duba mu gata aka yi mana ba mu sani ba 😂

Abu_Sadiq82:
Ni tambayata ɗaya: ina mijin? An yi ta maganar ta dafa, ta yi wanka, ta kai, ta ɗauko. Mai digiri na uku ai ba kullum yake aji ba. Tun kafin a kwaso yara a ɗora wa Anti, a fara zaunar da shi.

Uwargida_Hotoro:
Allah ya yi maka albarka Abu_Sadiq, da namiji ya faɗa. Da ni na faɗa da yanzu an ce ina zuga matan mutane.

Maman_Walida:
A'a, kar a ɗauki alhakinsa. Shi ke kai yaron makaranta da safe, shi ke zama da ƙaramar yawancin ranaku. Amma bincikensa na ɗakin gwaje-gwaje ne, akwai ranakun da dole ya wuni a can, ga shi yana ɗan aikin dare a ƙarshen mako saboda kuɗin haya. Bari ma in turo mata ta shigo ta yi bayani da bakinta, ita ma 'yar wannan zauren ce, ta daɗe ba ta magana ne.

Malamar_Aji_Biyu:
Salamu alaikum. Yaya kin tona min asiri a gaban jama'a 😅 Na gode wa kowa. Baba TsohonHedimasta, ina gaisuwa. Ni ma NCE na yi, na ɗora digiri, na koyar a firamare a Kano kafin mu taho, don haka na san ajin da Ɗan_Kurna yake magana. Ba yawan yaran ba ne ke kayar da ni.

Bari in ba ku misalin ranar Talatar da ta wuce. Ina koyar da haɗa sautuka, irin wanda muke kira Jolly Phonics a gida. A nan abin ba wasa ba ne, tun 2012 ake yi wa kowane yaro gwajin sautuka a ƙarshen aji ɗaya. Malamar da ke kula da ni tana zaune a bayan aji da takarda, duk motsina tana rubutawa. Kowane yaro na riƙe da ɗan farin allonsa, in na faɗi kalma su rubuta su ɗaga sama. Na zo kan sautin p, bakina na Bakanuwa ya karkata zuwa f, rabin ajin suka rubuta wata kalma daban. Wata 'yar mitsitsiya ta ɗaga hannu ta gyara min a gaban kowa. A daidai lokacin wani yaro ya shige ƙarƙashin tebur ya ce ba zai fito ba. Ba ni da ikon jawo shi, ba ni da ikon daka masa tsawa. Sai na durƙusa, na yi ƙasa da murya, na ba shi zaɓi biyu, sauran 29 kuma suna kallona. Bayan an tashi malamar ta zaunar da ni, ta fara da yabo, sannan ta jero min abubuwan da take son gani sun canza kafin mako mai zuwa. Daga nan na tsaya a ƙofa ina miƙa kowane yaro hannun wanda ya zo ɗaukarsa, don ba a sakin yaro haka kawai. Nawa ɗan kuma yana wata makarantar yana jiran a zo a ɗauke shi, duk awar da ya ƙara bayan an tashi biya muke yi.

Sallah ma wani abin ne. Yanzu rana na faɗuwa wajen ƙarfe 4, azahar da la'asar duk a cikin lokacin aiki suke faɗowa. A wani ɗan ɗaki da ake ajiye kayan zane nake shimfiɗa sallaya, ina idarwa in ci abinci a tsaye.

TsohonHedimasta:
Yaro ya shiga ƙarƙashin tebur malama ta durƙusa tana ba shi zaɓi? Ikon Allah. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, 'yata. Wannan tsumagiya ɗaya ce maganinsa.

Ummu_Hanan:
Baba, tsumagiya ɗaya a can ita ce ƙarshen aikinta. Tun dokar 1986 aka haramta dukan ɗalibai a makarantun gwamnati na Ingila, daga baya aka haɗa da masu zaman kansu. Kuma ba a aji kaɗai ba. Idan ɗanta ya je makaranta ya ce an zane shi a gida, malamarsa ba ta da zaɓi, dole ta kai wa jami'in kare yara na makarantar.

Malam_Sani_Gwale:
Ni fa a nan zan ɗan saɓa wa Baba. Na daina ɗaukar bulala a ajina, kuma ajin bai rushe ba. Yawancin dukan da muke yi gajiya ce da rashin shiri, ba tarbiyya ba. Malamin da ya shigo ya san abin da zai yi daga minti na farko zuwa na ƙarshe, da wuya yara su samu sararin iskanci. Abin da nake wa wannan baiwar Allah sha'awa shi ne tana da wanda zai zauna ya kalli darasinta ya gaya mata inda ta karkace. Mu nan wani sai ya yi ritaya babu wanda ya taɓa kallon koyarwarsa tun daga farko har ƙarshe. An ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a Kano a 2024, ana gyaran azuzuwa ana ɗaukar malamai, madalla. Amma sabon malami wa zai riƙe masa hannu a shekararsa ta farko?

TsohonHedimasta:
Malam Sani, ka zo ka riƙe 'yan aji shida su 90 da rana tsaka a watan Afrilu, sai mu sake magana.

Yar_Fagge:
Jama'a kun bar Anti da tambayarta kun koma bulala. Ni riƙo aka ba da ni ina shekara 4, wajen gwaggona, kuma ta riƙe ni tsakani da Allah, ba ta taɓa bambanta ni da nata ba. Duk da haka har yau akwai wani abu tsakanina da mahaifiyata da bai koma daidai ba, ina jin nauyinta kamar baƙuwa. Babban zai gane in aka yi masa bayani. Ƙaramar ba ta san Yuni ba, abin da za ta sani shi ne ta farka babu uwarta. Idan dole ne, a turo namijin a bar macen.

Alaramma_Sheka:
Ni ma namijin nake so a turo, amma dalilina daban. Shekara 6 lokacin karatun Alƙur'ani ne. Ya zo a sa shi Islamiyya, kafin Yuni in Allah ya so ya yi nisa a izu na farko, ya ji Hausa a bakin sa'o'insa, ya koyi gaida manya. Na ga yaran da aka dawo da su suna da shekara 12, Fatiha ma sai an gyara.

Malamar_Aji_Biyu:
Allah ya gafarta Malam, karatu yana yi. Birmingham ba ta rasa Musulmi ba, a ƙidayar 2021 sun kai kusan kashi 30 cikin 100 na mutanen garin. Unguwanni irin su Small Heath da Alum Rock masallatai ne da shagunan naman halal ko'ina. Yana zuwa makarantar yamma a wani masallaci, malamansa 'yan Pakistan ne, ruwayar Hafsu suke yi kamar Islamiyyunmu. Sai dai kuɗi ake biya, kuma kai shi da ɗauko shi wani aikin ne a kan aiki.

Hausar ce dai ke damuna. Yana ji sarai, amma da Turanci yake mayar min. Ran nan muna waya ta bidiyo da Hajiyar babansa, ta ce masa ina kwana, ya ɗaga mata hannu kawai ya koma wasansa. Hajiya ba ta ce komai ba, ta dai yi shiru, kun san irin shirun.

Abu_Sadiq82:
Tabɗi. To ga inda gizo ke saƙar. Anti Maman_Walida, kin tabbata in yaran nan suka sauka a Kano a gidanki za su zauna? Kakarsu ta wajen uba tana raye a cikin gari, a kai jikokinta Ɗorayi gidan ƙanwar uwa, ko in ce yayar uwa? Ki shirya jin magana.

Maman_Walida:
Wallahi Abu_Sadiq ka taɓo abin da na kasa rubutawa tun farko. Hajiya mutuniyar kirki ce, amma ta manyanta, ga ciwon ƙafa, gidan kuma babban gida ne mai sassa da yawa. Idan ta ce a kawo mata su babu mai iya cewa a'a.

Nas_Rijiyar_Lemo:
Bari in sako baki ta fannin lafiya. Yaron da ya daɗe a ƙasar da babu zazzaɓin cizon sauro, jikinsa ba shi da irin juriyar da namu suke da ita, kuma a kan 'yan ƙasa da shekara 5 ya fi tsanani. In za su zo, su ga likita a can tukuna kan maganin kariya, a taho da katin rigakafinsu, a nan kuma gidan sauro kowane dare babu fashi. Zazzaɓi ya taso a yi gwaji ranar, kar a tsaya sayen magani a kemis. Sannan ku lissafa lokacin: za su sauka cikin ƙurar hunturu, su shiga zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, lokacin sanƙarau da ƙyanda ke nan. Ba ina hana ku ba ne, yaranmu ma a nan suke rayuwa. A dai shiga da ido buɗe.

Baƙon_Leeds:
Ina Leeds da iyalina, ga abubuwa biyu da ƙila za su rage nauyi. Na farko, tunda yarinyar ta cika 3 a Nuwamba, daga 1 ga Janairu ta cancanci awa 15 a mako kyauta a gidan raino, mako 38 a shekara. Wannan na kowane yaro ne mai shekara 3 ko 4 a Ingila, ba ruwansa da irin bizar iyaye. Wanda ya fi wannan yawa ne masu bizar karatu ba sa samu. Ku nemi gurbi tun yanzu don wurare na cika. Na biyu, in kun yanke shawarar turo yaron, ku rubuta wa makarantarsa a cire shi daga rajista yadda ya kamata. Kar ku ɗauke shi shiru, tarar fashin makaranta fam 80 ce a kan kowane mahaifi, ta ninka in ba a biya cikin kwana 21 ba. Kuma ku sani in ya dawo ba lallai ya samu gurbinsa a wannan makarantar ba.

Sai batun tafiyar. Babu jirgi kai tsaye daga Ingila zuwa Kano, sai an yada zango, tikitin Disamba kuma ya fi na kowane lokaci tsada. Kuɗin zuwa da dawowar wanda zai rako su, a lissafa a ga wata nawa zai biya na mai raino.

Malamar_Aji_Biyu:
Allah ya saka da alheri. Awa 15 ɗin mun riga mun cike takarda, muna jiran amsa. Amma awa 15 kwana biyu ne kawai na aikina. Kuma bayan hutun Kirsimeti za a canza min makaranta, darussan da zan riƙa ɗauka za su ƙaru, har a kai inda kusan duk ajin zai dawo hannuna. Wannan nake hangowa nake tsorata.

Uwargida_Hotoro:
To me zai hana Maman_Walida ita ta je? Ko mahaifiyarku?

Baƙon_Leeds:
Bizar ziyara wata 6 ce iyaka, kuma ta ziyara ce. Wanda ya rubuta cewa raino zai je yi, da wuya a ba shi.

Maman_Walida:
Ni ina da aji a hannuna da yara huɗu, ina zan je? Mahaifiyarmu kuma Allah ya yi mata rasuwa, shi ya sa komai nata ni take kira.

Yar_Fagge:
Allah ya jiƙanta da rahama.

Ɗan_Kurna:
Amin. Ku yi haƙuri zan ɗan kauce. Malama, tunda kina da rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai ta Najeriya, kuma kin koyar a gida, me ya sa sai kin sake karatu? Na ji an ce malaman Najeriya na iya neman lasisin can kai tsaye.

Malamar_Aji_Biyu:
Haka ne, a Fabrairun 2023 an sa Najeriya cikin ƙasashen da malamansu za su iya neman QTS, wato lasisin koyarwa na Ingila, daga gida. Amma ga masu koyar da lissafi, kimiyya ko harsuna ne a matakin sakandare, 'yan shekara 11 zuwa 16. Ni malamar firamare ce, ban shiga ciki ba. Kuma lasisin ba aiki ba ne, ba biza ba ce, bayan ka samu sai ka nemi makarantar da za ta ɗauke ka.

Ɗan_Kurna:
Ni da na karanta Soshiyal ashe in ci gaba da riƙe allina.

Malam_Sani_Gwale:
Ka riƙe shi da kyau. Malama, ni roƙona ɗaya, in kin dawo ki tara mu ko a harabar wata makaranta ce ki nuna mana yadda ake wannan duba darasin. Ƙananan allunan nan ma ana iya yin su da falanki da baƙin fenti.

Ummu_Hanan:
Mu dawo kan yaran. Ƙanwata, kafin ki yanke hukunci ki yi abu ɗaya: ki gaya wa malamin jami'arki da malamar da ke kula da ke halin da kike ciki. Mu mun saba ɓoye damuwa kar a ce mun gaza, su kuma in ba ki faɗa ba ɗauka suke lafiya kike. Ki roƙi a duba miki makaranta ta biyu kusa da gida. Sannan ki nemi matan Hausawa da ke garin, akwai su. Mu a Manchester karɓa-karɓa muke yi, yau ni ke ɗauko yaran gida uku, gobe wata. Ranar Lahadi in yi miyar kuka da ta taushe da jar miya tukunya-tukunya in zuba a firiza, tuwo kuwa da garin semo, minti goma ya tuƙu. Kuma wannan watan da kike ciki shi ne mafi muni, ga duhu ga sanyi ga sabon aiki. Kar ki yanke hukuncin wata bakwai a daren da kika fi gajiya.

TsohonHedimasta:
Na karanta duk bayananku. Har yanzu ban yarda da durƙusa wa yaro ba. Amma na yarda wahalarta ta gaske ce, tunda babu dangi kusa. 'Yata, ni a ganina ki turo su duka biyun, kar a raba su, wa da ƙanwa suna ɗebe wa juna kewa. Kuma mijinki ya kira mahaifiyarsa da kansa ya nemi alfarmar su zauna Ɗorayi, Juma'a a riƙa kai mata su su wuni.

Yar_Fagge:
Baba, 'yar shekara 3 fa.

Alaramma_Sheka:
A yi istihara.

Malamar_Aji_Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ranar Alhamis ina da zama da malamata, zan yi mata maganar kamar yadda Anti Ummu_Hanan ta ce. Baban yara shi ya fi karkata ga a turo babban kawai, ni kuma duk lokacin da na kalli ɗayansu sai in canza ra'ayi. Yaya, ko da za mu turo, akwai makarantar da za ta karɓi yaro a zango na biyu a wajenku?

Maman_Walida:
Akwai, ta su Walida ma na karɓa a Janairu, sai dai su yi masa gwaji su ga ajin da ya dace. Amma ku fara gamawa da maganar Hajiya tukuna, ni ba zan je in karɓo fom ba sai na ji daga bakin mijinki.

Abu_Sadiq82:
Kuma ku yi sauri, tun kafin wani ɗan zauren nan ya riga ku kai mata labari.